Akurkin da Aka Bar Mini Amana

Ɗan autana ya gina ɗakin kaji a bayan gida, na siminti, da rufin kwano da tagogin waya, ya cika shi da fararen kajin nan da ake kawowa daga Maraɗi cikin kwali. Ran da ya kira ni in sa albarka, na sunkuya da ƙyar na kama ɗaya, na ɗaga fiffikenta na leƙa ƙarƙashi. Shi da matarsa suka yi ta dariya, wai tsohuwa tana neman abin da ba ta ajiye ba. Ban ji haushi ba, don hannuna ne ya yi aikinsa tun kafin in yi tunani. Abin da ya tsaya mini a rai kajin ne da kansu. Duk fuskarsu ɗaya, ba mai tono, ba mai cara, ba wadda za ka kira ta waiwayo. Suna ci suna kwanciya, bayan 'yan makonni a zo da mota a kwashe. In ɗaya ta yi sanyi sai ya ɗauki hotonta da waya ya aika wa wani a birni, a faɗa masa garin maganin da zai zuba a ruwa. Ban ce hakan ba kyau ba, ga yaran gidan nan kumatunsu sai sheƙi suke. Ni dai na koma ɗakina na zauna, kunnena yana ta neman irin safiyar da na taso na sani.

A ƙauyen da aka kai ni aure, arewa da Tasawa, zakara ne ke buɗe gari. Na gidan maƙeri zai fara, muryarsa a shaƙe kamar mai mura, sai namu ya amsa, sai na bayan rijiya, har ka ji na rugar Fulani can nesa yana biye musu. Kafin su gama, taɓare sun fara sauka a turame, wata na lugude da 'yar'uwarta, wata na daka ita kaɗai tana waƙa ƙasa-ƙasa. Masallaci na gabashin gari, majami'armu ta laka na yamma. Mu gida bakwai ne kawai masu zuwa cikinta, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a bishiyar bedi. Ran Lahadi in mai bishara ya buga shi, kaji ma sun san za a bar musu gida su yi yadda suka ga dama. Kaza a lokacin dukiyar mace ce. Namiji na da gona da jaki da rumbu, amma ko baƙo ya yi ba ya kama kazar matarsa sai ya tambaya. Kowace da kamanninta da halinta. Ga wake-wake mai faɗa, ga fingi mai gashi a birkice kamar wadda ta tashi daga barci, ga durgu mai gajerun ƙafafu da ke tafiya tana rangaji. Na san nawa, maƙwabciyata ta san nata, ko sun cakuɗe a juji ba a taɓa jin kanmu ba.

Uwar mijina ce ta koya mini kiwonsu. Inna nake ce mata, ita kuwa ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke yarinya", har na fara furfura. Doguwa ce, busasshiya, faɗa a baki, sanyi a ciki. Ita ta nuna mini yadda ake tara gara. Ka sami tsohuwar tukunya, ka cusa mata busasshen kashin shanu da karmami, ka ɗan yayyafa ruwa, ka kife ta a bakin shuri da maraice. Da sassafe kafin rana ta yi zafi ka je ka ɗauko, ka zazzage a tsakar gida, sai ka ga kaji sun taho a guje har suna tuntuɓe. Nan Inna kan tsuguna ta zuba musu ido, ta ga wadda ta zo a baya, da wadda ta ci ta bari, da wadda zankon kanta ya kwanta. Takan ce mini, "Ke yarinya, ki riƙa kallo. Mutum shina ɓoye ciwonshi don kunya, ita kaza ba ta san kunya ba." Ta san ƙuma da ke taruwa a gefen ido, a shafa man gyaɗa ta kakkaɓe. Ta san tsutsar ciki daga ganin kashi. Ta san ciwon lokacin ɗari mai murɗe wuya, wanda ke share kajin gari ba a iya yi masa komai sai haƙa rami. Na ɗauka babu abin da ya shafi kaza da Inna ba ta sani ba, ita ma haka ta ɗauka.

Ina da ƙawa, darninmu ɗaya. Shekara guda aka kawo mu garin, ita musulma ce, mijinta manomi kamar nawa. Tare muke zuwa rijiya, tare muke dawowa muna gulmar surukanmu da tulu a ka. Da Sallah ta miƙo mini nama ta saman darni, da Kirsimeti in miƙa mata shinkafa. Sai fari ya shigo. Damina ta farko hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, rana ta ƙone shi a tsaye. Ta biyun ma ba ta yi abin kirki ba. Muka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, muna tsinkar ganyen jiga muna dafawa. Lugude ya ɗauke a gari, don ba abin dakawa. Gidaje suka fara watsewa, yau a ce wane ya yi kudu da iyalinsa, gobe a ce wane. Ranar da ƙawata za su tashi ta kira ni bayan ɗakinta ta nuna mini akurkinta. Kowa a unguwar ya san akurkin nan. Mahaifinta ne ya saƙa shi da sandunan sabara, ya yaɓe shi da laka da kashin shanu, ya ɗora shi a kan ƙafafu huɗu, ya yi masa 'yar ƙofa da murfin gwangwani. Da shi aka kawo ta gidan miji. Kajin ta riga ta sayar, ta bar shi wayam. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki riƙe mini shi. Ba ni iya ɗora shi bisa jaki, kuma shi kaɗai ya rage mini na hannun babana. In damana ta yi kyau muna komowa." Na ce ta tafi hankali kwance. Ban ɗauko shi ba a lokacin, don kajina shida sun saba kwana a kan aduwar tsakar gidanmu. Na bar shi a kangon, ina leƙawa lokaci-lokaci in kore masa gara.

Mijina ma ya bi sahun maza ya ƙetare iyaka neman abin da zai aiko, sai hanya ta rufe a bayansa, muka daɗe ba labari. Zamanin soja ne. In motar taimako ta zo, soja ne ke tsayawa da bindiga a kafaɗa ana auna jar dawa, ba mai tsallake layi, ba mai ɗaga murya, dattawan gari ma sai su yi tsit kamar yara. Abin da aka auna maka kuwa ba ya kai ka zuwan wata motar. Gidan ya rage daga ni sai Inna sai 'yata ta fari, wadda aka yaye ba da daɗewa ba don nonona ya ƙafe. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kakarsa ce ke goya shi. Ina ganin yarinyar nan tana ramewa a bayan Inna, gashinta na komawa ja yana kakkaryewa, amma kunya ta hana in ɗauke ta in rungume. Sai in juya in kama wata kaza in yi ta shafa bayanta. Ina son yarinyar nan har cikin ƙashina, ban dai da hanyar nunawa.

Da ƙafafunta suka fara kumbura muka ɗauki jaki muka kai ta gidan likita. Ma'aikaciyar ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar, ta ɗaga, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce tamowa ce, kuma kunun dawa kaɗai ba zai tashe ta ba. Ta tambaye ni ko ina da akuya mai nono, na ce mun sayar. Ta ce, "To, madam, kina da kaji?" Na ce shida. Ta ce kullum in dafa ƙwai guda in murmushe a kunu in ba ta, kada in tsallake rana. Sai da muka hau hanya Inna ta fara faɗa. Wai a ina aka taɓa ba yaro ƙwai, so ake ta tashi da ɗauke-ɗauke, so ake bakinta ya yi nauyi, su da suka haifi goma ba su ba ko ɗaya ba. Ta yi faɗan nan tun daga bakin gari har ƙofar gida. Washegari kuwa kafin in farka ta riga ta tafi shuri da tukunya biyu maimakon ɗaya, ta dawo tana cewa ita dai don kajin ta yi.

Abin ya karɓi yarinyar. Cikin 'yan makonni kumburin ya sauka, ta fara zama da kanta, har ta kama jan zanen Inna tana tsiwa. Daga nan kajin nan shida suka zama rumbunmu. Ban bar ko ɗaya ta yi kwanci ba, duk wadda ta yi kyarkyara ina biye da ita har ta sauke. Sai wata safiya na tarar da gashin fingi a warwatse a gindin aduwa. Muzurun daji ne, yunwa ta koro shi cikin gari kamar yadda ta kori kowa. Hankalina ya tashi, na ce in ya gane hanya kullum sai ya dawo. Nan na tuna da akurkin ƙawata. Ya shekara da rabi a kango, ba kaza ba ɗan tsako, rana ta dake shi, iska ta busar da shi. Na ce ai riƙon amana ma ya fi kyau a gabana. Ni da Inna muka ciccibo shi muka ajiye a jikin ɗakina, na share cikinsa da tsintsiya, na ga tsaf yake, sai 'yan tsage-tsage a jikin yaɓen da ban ɗauke su a bakin komai ba.

Daren farko sun shiga da kansu, don na watsa musu dusa a ciki. Daga na biyu suka ƙi. Rana na faɗuwa sai su nufi aduwa, in bi su da kara in kakkaɓo su, in kama ɗaya bayan ɗaya in tura, in ja murfin gwangwanin in tokare da dutse. Wake-wake har tsattsage mini hannu take yi. Ni kuwa ina yi musu magana kamar yara, ina cewa don lafiyarku nake yi, marasa wayo, so kuke muzuru ya cinye ku. Haka na yi ta yi kullum, da hannuna, da kyakkyawar niyya. Yau in na tuna sai in ji tausayin kajin, in ji tausayin yarinyar da nake a lokacin.

Ba a jima ba ƙwai ya fara raguwa. Yau ɗaya, gobe babu, jibi ɗaya mai laushin ɓawo, daga nan ya ɗauke ɗungum. Zankayensu suka yi fari fat kamar an wanke. In na zazzage gara sai su taho a hankali, su ɗan tsattsaga su koma inuwa su saki fukafukai. Inna ta duba ido ba ƙuma, ta duba kashi ba tsutsa, sai dai ya yi ruwa-ruwa kore, ta taɓa wuya ba a murɗe ba. Ta ce yunwa ce, kaza ma rai gare ta. Na shiga rage tuwona ina ba su a ɓoye, ban sani ba ita ma haka take yi. Ta jiƙa musu sassaƙen maɗaci, suka sha, ba abin da ya sauya. Ɗaya ta mutu, bayan kwana uku wata ta bi ta. Yarinyar kuwa ta koma gidan jiya. Kunun zalla in an ba ta sai ta kau da kai, ƙafafun suka sake cika, ta daina zama. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ta daina kuka. Tana kwance a tabarma ido buɗe, ƙuda ya sauka a fuskarta ba ta ko motsa. Matar mai bishara ta kawo mana ƙwan zabi biyu da ta samo ban san daga ina ba, muka ba ta, suka ƙare. Kajin gari duk an sayar ko an yanka.

Inna ta ce, "Ke yarinya, ukun nan da sunka rage a saishe su tun suna da rai, a samu ko tiya guda ta hatsi. In sunka mutu mun yi biyu babu."

Ban so ba, amma na yarda. Akwai wani dattijo ɗan Tasawa mai zagaya ƙauyuka da keke, da kejuna a ɗaure a baya, yana sayen kaji yana kai wa ma'aikatan birni. Gajere ne, mai ƙaramin gemu, ba a san shi da fara'a ba. Da na ji ƙararrawar kekensa na fita da kajin uku a hannu. Ya karɓi wake-wake ya jijjiga ta a tafinsa, ya ɓata fuska. Ya buɗe bakinta ya leƙa, ya ja fatar idonta ƙasa, ya hura gashin gindinta. Sannan ya ɗaga fiffiken ya juya ta wajen rana, ya daɗe yana kallo.

"Matso, ɗiyata," ya ce. "Mi kika gani nan?"

Na duba. A fatar nan mara gashi ta ƙarƙashin fiffike akwai wasu 'yan ƙwayoyi baƙi-baƙi a manne, ƙanana kamar ridi. Na ce datti ne. Ya sa farce ya ɓamɓaro ɗaya ya murje a kan babban yatsansa, sai ga jini.

"Su da kansu suke shiga wurin kwana, ko sai an kama su?"

"Sai na kama su, Baba."

"To, sun hwaɗa miki, ke ce ba ki ji ba. A yi mini iso, in ga wurin."

Inna ta yafa zane ta ce ya shigo. Ya zagaya akurkin sau ɗaya, ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu, ya zura bakinta a wata tsaga ya ɓalle yaɓen. Sai ga wasu ƙwari. Suna nan a jere a bayan lakar, a kan juna, shafaffu kamar kuɗin-cizo amma sun fi shi girma, wasu a bushe kamar ɓawo, wasu sun kumbura sun yi shuɗi. Hasken rana na taɓa su suka fara rarrafawa suna neman duhu. Ya ɓalle wani wurin, haka. Ya ɓalle gindin ƙafar akurkin, nan ma haka.

"Kaskar kaji ke nan," ya ce. "Manyan ba su zama jikin kaza. Da rana suna cikin tsaga, in duhu ya yi su hito su sha jini su koma. Ɗiyansu ne kaɗai ke manne ma kaza kwanaki, su ne kika gani. Ko kin kwana kina duban kaza da rana, in ba ki ɗaga hiffike ba, ba ki ganin komi."

Inna ta ce, "Malam, shekara guda da rabi abin ga na kango, ba kaza ciki. Mi sunka ci?"

"Ba su ci komi ba, Inna. Jira sunka yi. Wannan halitta ta hi mu iya yunwa."

Ban taɓa ganin an gaya wa Inna abu a kan kaza ta yi shiru ba sai ran nan. Na tambaye shi ko zai saya. Ya ce ko kyauta ba ya ɗora su a kekensa ya kai wa kajin mutane. Sai idonsa ya faɗa kan yarinyar a tabarma, ya dube ta, ya dube ni, muryarsa ta sauko. Ya ce wannan ba irin ciwon ɗari ba ne, yana da mafita in mun yi da gaske. A ƙone akurkin ƙurmus, yau ba gobe ba, a babbake ƙasar wurin, a yaɓe duk wata tsaga ta jikin ɗakin da ya jingina. Kajin kuma kada su koma aduwa, don abin na shiga ɓawon itace ya zauna. A sa su a sabon kwando a rataye da igiya nesa da bango, a shafa wa igiyar kananzir, a zuba toka a ƙasa. Kowace safiya a kwashe tokar a zuba a wuta, don ƙananan in sun ƙoshi faɗowa suke yi. A yi haka kwana goma, ana shafa musu man gyaɗa a ƙarƙashin fiffike. Ya ce daga yau duk kazar da ta shigo gidan, ko uwata ce ta ba ni, in ware ta kwana goma in duba ta, kuma kada in sake ɗauko itace ko akurki daga inda wasu kaji suka taɓa kwana. Ya sha ruwa rabin moɗa, ya mayar da sauran, ya hau kekensa.

Ban ƙone shi ran nan ba. Na rataye kajin a kwando kamar yadda ya ce, amma akurkin na tsaya ina kallonsa har rana ta faɗi. Ina ganin wurin da yatsun mahaifinta suka bi a jikin lakar. Na ce ko in zuba masa tafasasshen ruwa, ko in mayar da shi kango in bar shi. Inna ta ce ruwan da za mu sha ma da ƙyar muke samu, kuma in na mayar, gobe wata za ta ɗauka. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, muddin akurkin nan na tsaye ina jin ƙawata za ta dawo. Da safe muka tarar ɗaya daga cikin ukun ƙafafunta sun mutu, tana kwance a kwando tana numfashi sama-sama, kafin hantsi ta cika. Saura wake-wake da durgu.

Inna ta zo ta tsaya kusa da ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ƙawar taki ma uwa ce. Da tana nan, da ta riga ki kawo wutar. In ta komo ni ka amsa mata." Muka ja akurkin tsakiyar fili, muka lulluɓe shi da karan darni. Na ɗebo garwashi a tsingaro na zuba da hannuna. Sabarar ta bushe shekara da shekaru, nan da nan ta kama. Ana jin ƙwarin suna fashewa a ciki, tas, tas, kamar ana toya ridi, ga wani ƙauri mai tayar da zuciya. Murfin gwangwanin ne kaɗai ya rage, ya yi baƙi ya lanƙwashe. Na yi kuka sosai, Inna ta yi kamar hayaƙi ne ya shiga idona, ta ce in matsa daga bakin iska. Ƙawata ba ta dawo ba. Na yi cigiya wajen masu zuwa kudu har na gaji, ban taɓa samun wanda ya gan ta ba.

Kwana goman nan na yi su kamar mai jinyar mutum. Da asuba in sauke kwando, in kwashe toka in zuba a murhu, in ɗaga fiffike in shafa mai, in ƙirga baƙaƙen ƙwayoyin da suka rage. Kullum suna raguwa, ran na takwas ban ga ko ɗaya ba. Inna ta ƙara tukunya ta uku a shuri, tana tafiya tana dafa gwiwa. Zankayen suka fara ɗaukar ja kaɗan-kaɗan daga gefe. Wake-wake ta fara tono, ta fara korar durgu daga abinci, na ce lafiya ta samu tunda faɗa ya dawo. Amma ƙwai shiru. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Yarinyar kuwa sai a buɗe bakinta a ɗiga kunu, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ran Lahadi matan majami'a suka biyo gidan suka yi addu'a a kanta, na ga yadda suke kallon juna in sun ɗauka ba na gani. A kwanakin nan ne na ajiye kunya. Na karɓe ta daga hannun Inna na goya ta da kaina, ina jin numfashinta a bayana kamar na ɗan tsako, Inna kuwa ta bar mini ita.

Duk zatona a kan wake-wake yake, don ita ce mai ƙwai da yawa tun asali. Durgu kuwa ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Wata safiya ina tankaɗe a ƙofar ɗaki sai na ji kyarkyara a bayan randa, irin ƙaramar nan mai tsinkewa. Ban motsa ba, na ji tsoron in je in tarar babu. Sai da ta fito tana rangajinta sannan na leƙa. Yana nan a kan ƙasa, ƙarami, bai kai na zabuwa ba, da ɗan zanen jini a jikinsa, da ɗuminsa. Na ɗauke shi da hannu biyu. Inna ta riga ta hura wuta ba tare da na ce mata komai ba.

Na dafa, na ɓare, na murmushe shi a ɗan kunu mai ɗumi, na zauna na ɗora yarinyar a cinyata. Na lakato da yatsa na shafa mata a leɓe. Ta daɗe ba ta yi komai ba, sannan harshenta ya fito ya lasa. Na ƙara, ta haɗiye. Na koma ba ta da bakin ludayi, kaɗan-kaɗan, ina jiran ya dawo, bai dawo ba. Muka yi ta yi har ƙwaryar ta ƙare, na sa yatsa na suɗe gefenta na ba ta. Yau yarinyar nan tana Mayahi da jikokinta, ba ta tuna ko ɗaya daga cikin wannan, amma ni a ranar ban san za ta kai gobe ba. Ta dubi ƙwaryar, ta buɗe baki tana jiran wani. Na nuna mata babu. Sai fuskarta ta yamutse, ta ja numfashi, ta tsala kuka, kuka na gaske mai ƙarfi, har durgu ta firgita ta yi bayan ɗaki. Inna ta miƙo hannu za ta karɓe ta, na girgiza kai. Ba ni da abin ba ta sai gobe, in Allah ya kai mu kuma kazar ta yarda. Ban rarrashe ta ba. Na zauna da ludayi wayam a hannuna ina saurare, ina roƙon Allah kada ta yi shiru.